Lambun kalankuwar da na raina da hannuna

Ni mutum ne mai mantuwa, amma akwai wata Laraba da ta ƙi fita raina, kuma na san ko na manta, mutanen garin Isa za su tuna mini.

Shekarata ta farko ke nan ina koyar da ilimin tsirrai a wata sakandare a can. Ni ɗan cikin birnin Sakkwato ne, ban taɓa riƙe fartanya ba, amma ina da digiri, da wani ƙaton littafi mai hotuna, da gilashin ƙara girman abu da nake ratayawa a wuya (har masallaci nake zuwa da shi, Allah Ya yafe mini). Lokacin da na iso da kaka, na ga kalankuwa, furen nan rawaya mai kamar ƙaramar rana, ta rufe gefen hanyar Gangara. Ta burge ni ƙwarai. Sai na yi wa shugaban makaranta alkawarin lambun furannin dajinmu, wanda za a nuna wa mai duba makarantu. Ya ji daɗi, ya ce in abin ya yi kyau, ni zai ba shugabancin sashen kimiyya.

Da damina ta faɗi na hau babur na nufi burtali, inda shanu ke bi. Na tarar da 'yan tsirrai masu gashi-gashi, ganye biyu-biyu suna kallon juna. Na buɗe littafi, na kafa gilashi, na ce shi ke nan, ita ce. Na ciko buhu na dawo.

Ina cikin dasawa sai ga Baba Ɗanjuma, maigadin makaranta, tsohon da ya shekara hamsin yana noma. Ya daɗe tsaye yana kallo.

"Mallam, wanga hakin kaka so?"

"Ba haki na ba, Baba," na ce, na jefa masa sunan Latin mai tsawon igiyar guga.

"To, Allah Shi ba da sa'a."

Sau uku yana yi mini tambayar nan a cikin daminar, sau uku ina ba shi Latin. Da wasu dogayen ciyayi suka fito a tsakanin dashena, na sa 'yan aji uku suka tumɓuke su kaf. Da furen ya fito ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar dawa ba, ya maƙale a hammatar ganye, sai na yanke hukuncin cewa rashin taki ne. Na sayo taki. Da ruwa ya ɗauke kwana goma, ni da kaina na riƙa ɗauko bokiti (awaki ma ba su taɓa kusantar lambun ba, na ɗauka shingena ne mai kyau).

Ranar Larabar, mai duba makarantu ya iso, wani Alhaji ɗan asalin Burkusuma, cikin babbar riga ta farar shadda. Ɗalibai sun yi layi, malamai sun kewaye. Na ce masa ya shigo tsakiyar lambun ya gani da kyau. Ni idona na kan takarda, ina ta zuba bayani a kan dangin furanni. Sai na ji "Wash!"

Na ɗago. Alhaji na tsaye da ƙafa ɗaya, ƙaya ta shige masa takalmi, rigar nan tun daga ƙasa har gwiwa ta yi baƙi da 'ya'yan ƙaya masu ƙaho biyu.

"Mallam, kai ka shibka wanga abu?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Kalankuwa ta."

Ya dube ni, ya dubi shugaban makaranta. "Wanga kashin yawo na. Tun ina yaro ubana ka sa ni hidda shi daga gona. Yau dai na ga inda aka yi mai ban ruwa."

Yaran da suka yi wata uku suna haɗiye dariya suka sake ta gaba ɗaya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da shugaban makaranta muka durƙusa muna cire wa Alhaji ƙaya ɗaya bayan ɗaya, gilashina na lilo a wuya.

Da yamma na sami Baba Ɗanjuma raina a ɓace. "Baba, mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Na tambaye ka sau ukku, Mallam. Kai ad da littahi. Ce nike ko Turawa sun gano amhwani nai." Ya gyara zama a kan benci. "Kalankuwar kau, ita ta wadda kas sa yara sunka tumɓuke."

Shugabancin sashe dai malamin lissafi aka ba. Ni kuma na samu sarauta, don har yau a kasuwar Isa Malam Kashin Yawo ake ce mini. Littafin yana nan, ban yar ba. Amma yanzu in tsoho ya yi mini tambaya ɗaya sau biyu, ba na jiran ta uku, rufe littafin nake yi in ce, "Baba, mi kag gani?"