Rasuwar Lalla Mabruka, Mai Rumbun Gadon Bakteriya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, Farfesa Monsef Dallaji na ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a birnin Tunis yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Lalla Mabruka. Ta cika a ƙarƙashin teburinsa cikin hutun Agusta, ba kowa a kanta.

Marigayiyar ta ƙarar da rayuwarta tana riƙe da rumbun bayanai a intanet. Bakteriya dai ba ta tsayawa ga gadon uwa kaɗai. Takan miƙa wa maƙwabciyar da ba su haɗa komai ba ƙwayar gadon jure wa magani, kamar yadda mata ke miƙa gishiri ta kan katanga. To, Mabruka ce ta san wacce ta ba wacce. Duk mai bincike a duniya ya ƙwanƙwasa adireshinta, sai ta yi "gurrr", ta yi dogon tunani, ta amsa. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa ƙarya ba. Mai haƙuri ce ƙwarai. An ɗora mata kofin shayi a ka, an buge ta da tsintsiya, ba ta ce uffan ba.

Jinyarta ta fara da tari. Fankar cikinta ta koma "kit-kit-kit", Si Monsef, kamar yadda ake kiran Farfesan don girmamawa, ya ce tsufa ne kawai. Hutu ya zo, aka rufe ginin, aka kashe na'urar sanyi, zafin Agusta ya same ta ita kaɗai. Ranar dawowa ya danna ta, ta ce "tiii, tiii", daga nan shiru.

Lotfi mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce, "Si Monsef, ina ka ajiye kwafi na biyu?"

"Akwai mana! Duk Juma'a da hannuna nake kwafa."

"A ina?"

"A cikinta."

Lotfi ya tattara kayan aikinsa.

Ta rasu ta bar allo ɗaya mai ido rufe, da firinta da ta riga ta daina aiki tun tana da rai, da takardun bincike barjat a duniya masu ɗauke da adireshinta, waɗanda yanzu suke kai baƙi kango. Ta kuma bar Sondes Mejri, ɗalibar digirin dakta, wadda aikinta kaf a kan rumbun nan ya tsaya. Ƙarshen watan nan malamai za su zauna tantance aikinta, kuma abin da za su fara yi shi ne buɗe adireshin. In bai buɗu ba, sai baɗi. Wannan marainiya ita ce ta hana Si Monsef sakat.

Tun ranar bai zauna ba. Ya shiga ofis, ya fita, ya dawo, ya hura wa gawar iska a ciki. Ya cire faifan ajiyarta ya naɗe a leda, ya sa a firji kusa da kwalaben bakteriya, don ya ji an ce sanyi na tayar da irinsu. Bai tashi ba. Sondes ba ta kuka, ba ta zargi, tsayawa kawai take a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, kuma wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Abin da ke cin ransa shi ne ya san akwai kwafi ɗaya a duniya. Shekarun baya, Dakta Shokri na birnin Sfax, abokin karatunsa, ya kwashe rumbun gaba ɗaya ba sallama, ya yi rubutu a kai bai ko ambaci sunansa ba. Tun daga lokacin Si Monsef ya toshe masa hanyar shiga, ya daina gaishe shi, ko a taro suka haɗu sai ya hau duba takalminsa.

Sondes ta ce, "Si Monsef, ko ni in kira shi?"

"Haba 'yata! In kira ɓarawo in ce ya taimaka ya ara mini kayana?"

"Ni dai wata ya kusa ƙarewa."

Ya ɗauki waya, ya ajiye. Ya zaga teburi, ya leƙa firji, ya sake ɗauka, ya kira.

Shokri ya ce, "Monsef? Kai ne da kanka? Wa ya mutu?"

"Mabruka."

Shokri ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Ai 'yarta na nan wurina, har ta yi ƙiba, na ma gyara maka kurakuranka. Amma ba zan turo ba, tsohon rigimamme. Ka tako da ƙafarka, ka gaishe ni a gaban matata, ka ci kifi a gidana, sannan ka ɗauka."

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a binne marigayiyar ba, domin kayan gwamnati ce, ba mai ikon fitar da ita daga ginin. Za a ɗora ta a kan kabad ɗin baranda, kusa da magabatanta, ranar Alhamis da hantsi. Za a yi zaman makoki a ɗakin bincike, mahaifiyar Sondes ta yi alkawarin kuskus. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi inda aka ajiye kwafi na biyu.

Farfesa Monsef yana ba da haƙuri, ba zai samu halarta ba. A lokacin yana cikin jirgin ƙasa zuwa Sfax, da sabon faifai a aljihu da kwalin alewar dabino a cinya. Masu ta'aziyya su yi wa Sondes. Shi kuma a taya shi da addu'a, Allah ya sa in an buɗe masa ƙofa gaisuwar ta fito.