Zoben da Na Yi wa Mangwaron Malam Habu

Ba na jin zan taɓa mantawa da darasina na farko a Rurum, a shekarar da aka samu 'yancin kai. Sabon malamin gona ne ni a lokacin, kuma babu abin da nake tsoro kamar in faɗi abin da ba daidai ba.

Na ƙudura in nuna wa manoma cewa itace hanyoyi biyu gare shi: jijiyoyin cikin katako, masu hawa da ruwa daga saiwa zuwa ganye, da waɗanda ke ƙarƙashin ɓawo, masu saukar da abinci daga ganye zuwa saiwa. Mangwaro ɗaya ne a unguwar, na Malam Habu wanzami, wanda ya shekara shida yana ba shi ruwa da tulu. Na roƙe shi izinin ɗibar ɓawo kaɗan.

"Ɗibi mana, Malam," in ji shi, ya tafi kasuwa. (Daga baya na gane cewa sassaƙe ya zaci zan yi irin na masu magani: kaɗan gabas, kaɗan yamma, a bar sauran.)

Littafina reshe ya ce a gwada da shi. Na ga gindi ya fi fili, waɗanda ke baya ma za su gani. Na auna inci biyu da rula, na sake aunawa, na zagaye gindin da wuƙa na ɓare zobe cif. Manoman suka yi tsit. (Na ɗauka ilimi ne ke shiga.)

Ina tsakiyar bayani Malam Habu ya dawo. Ya durƙusa, ya shafa farin zoben.

"Malamin gona, ruwan zai ci gaba da hawa?"

"Babu shakka, Baba."

"Madalla. Abincin da ka ce yana sauka fa, ta ina zai tsallake nan?"

"Ba zai tsallake ba."

"To saiwar me za ta ci?"

"Babu. Za ta daɗe kaɗan, sannan ta mutu, itacen kuma..."

Nan na ji abin da bakina ke faɗa.

"Ƙarasa mana," in ji wani daga baya, "ai karatu muke ɗauka."

Malam Habu bai ɗaga murya ba. "Shekara talatin ina sassaƙe, ban taɓa zagaye itace ba, ko na daji. Dalilin ne ban sani ba sai yau. Allah ya ƙara ilimi."

Muka shafe wurin da laka, amma zoben bai haɗe ba. (Da ban auna sau biyu ba, wataƙila da na bar wani zaren ɓawo.) Itacen ya yi 'ya'ya jingim sau ɗaya, sannan ya bushe. Malam Habu ya aiko mini da kwando guda, ban iya cin ko ɗaya ba. Na dasa masa wani mangwaron, na kuma yi shekara biyu ina ɗaukar tulu.

Na sha bitar bayanin da na yi a ranar, ban sami kuskure ko ɗaya a ciki ba. Amma tun daga nan, in manoma suka yi tsit, nakan ajiye wuƙa in tambaye su dalili.