Tafiyar Minti Biyar

Duk ƙasar Gobir ba a taɓa haifar masani irin Malam Illo na Tsamaye ba. Sauran jama'a ƙasa suke takawa, shi kuwa ya taɓa hawa jirgin sama, sau ɗaya tak, daga Sakkwato zuwa Ikko, yana riƙe wa wani ɗan kwangila jaka. Shekara huɗu ke nan, amma tikitin na nan, har gidan fata ya sa aka ɗinka masa kamar laya. Mutane suka laƙaba masa Na-Gajimare, shi ko ya ɗauka sarauta ce.

Tun ranar ya daina auna tafiya da zango. "Mil ɗari biyar da hamsin, awa guda da rabi," in ji shi. "Ban ƙare shayi ba munka sauka. Ku kam jakkai sun ɓata muku lissahi."

Ana nan fari ya shigo, damina biyu ba labari, mutane suka cinye har irin shuka. Sai aka yi shela za a raba irin gero a Isa ranar Alhamis, daga hantsi zuwa azahar, kowane gari ya aiko wakili da takardar sunaye. Wa za a aika in ba wanda ya hangi duniya daga bisa ba? Aka damƙa wa Illo takarda, aka haɗa shi da Halliru makiyayi mai jakuna uku.

Halliru ya ce su kama hanya tun Laraba. Illo ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya tsuguna ya zana lissafi a ƙasa. "Isa mil talatin ce. Minti biyar! Kai wuce da dabbobinka, ni za ni taho awa mutanen zamani."

Ran Alhamis ya sha fura, ya kafa hula, ya taka zuwa tashar mota a Sabon Birni yana gaisawa da kowa. Mota ɗaya ke zuwa Isa, ta ko tashi tun da sassafe. Ya fusata ƙwarai, wai ko jirgi sai da ya jira ubangidansa. To, hangen Dala ba shiga birni ba. Na-Gajimare ya rataya takalma a wuya, ya auna mil talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da tafin ƙafa.

Ya shiga Isa ran Jumma'a, leɓe a tsage. Halliru na zaune gindin tsamiya da jakunansa, mangaloli wayam. Rabon Tsamaye an ƙara wa mutanen Turba, tun da babu takarda.

Suna kan hanyar komawa hadari ya taso daga gabas, na farko a shekara biyu. Ƙasa ta fara ƙamshi. Halliru ya dubi sama, ya dubi mangalolin, zuciyarsa ta yi baƙi.

"Malam, ga gajimarenka sun iso," in ji shi. "Duba muna agogo. Minti nawa gero ka yi kahin shi tsiro, in ba a shuka ba?"