Gidan Aron da Na Shafa wa Makuba

Ba a daɗe da zuwan Nasara ba na taso daga Birchi na koma Kurfi da sana'ata ta jimar fata. Wani dattijo, Malam Ɗanjuma, ya ba ni aron kangon gidansa, wanda ko awaki sun raina. Sharaɗinsa guda ne, in riƙa kai masa fata biyu duk kaka.

Ran nan a kasuwar Dutsin-Ma na ji wani falke yana cewa wai a shari'ar Nasara, wanda ya gyara gida shi ke da shi. Ban tambayi kowa ba. Na dawo ina taku kamar alƙali.

Rani guda na yi ina kwaɓa ƙasa. Na ta da katanga, na sa sababbin azara, na yi daɓe, na shafe zaure da makuba har yana ƙyalli. Matata Hajo ta ce, "Malam, gidan nan fa na mutane ne."

Na ce, "Ke dai tuƙa tuwonki, harkar shari'a sai mu."

Malam Ɗanjuma ya zo ya zagaya yana shafa bango. "Kai, madalla! Ashe haka gidan nan nawa yake? Jibi zan tare."

Na gyara murya na zayyana masa dokar Nasara tas. Ya ce, "To, Nasaran ya ba ka nasa."

Yau shekara ashirin ke nan, ina cikin gidan kaina. Amma duk wanda damina ta kayar wa katanga a Kurfi sai ya tare ni a bakin masallaci: "Sarkin Gyara, ba ka son aron gida?"