Ranar da Kafireta Ta Kunyata Ni a Sama Road

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena ba. Har yau idan na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Ina da wata tsohuwar mota da na gada daga mahaifinmu. Ta girme ni, amma na yi mata fenti, na sake kujeru, na mayar da ita abin taƙama. (Matata tana kiranta "Hajiya Babba", kuma ba don girmamawa ba.) Da aka zo rabon aiki a gida, ni na miƙe na ce zan ɗauko Baffa, wan mahaifinmu, wanda zai karɓi auren. Baffa malami ne mai shekara saba'in da ɗoriya, ba ya son wasa da lokaci. Yayarmu ta ce a bari mijinta ya ɗauko shi a motarsa mai sanyi. Na ce Baffa a motar ƙaninsa zai je, a nan darajar take.

Lokacin bazara ne, irin zafin Sakkwato da ko sitiyari sai da hankici ake riƙewa. Ɗaurin auren ƙarfe biyu ne, a wani masallaci kusa da Hubbare. Mun taso lafiya. A Sama Road sai na hango wani abokin aikina yana ɗago mini hannu. Da mai hankali ne sai ya danna ham ya wuce. Ni kuwa na tsaya, na kashe mota, na fito yana ɗaukar hotonmu ni da ita, ina ba shi tarihinta.

Bayan minti goma na dawo na murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Na sake, ina ta buga totur da ƙafa kamar mai ɗinki da keke. Warin fetur ya cika motar.

"Mi ya hwaru?" in ji Baffa.

"Ba komai Baffa, fulogi ne, yanzu za ta tashi."

(Ban san inda fulogi yake a motar ba. Na dai ji bakanike yana faɗa.)

Na buɗe bonet na tsaya ina kallon inji, hannu a ƙugu. Jama'a suka taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce batir, wani ya ce lagireto, wani ya ce baki ne ya kama ta. Aka tura ta gaba, aka tura ta baya, babbar rigata ta sha baƙin mai. Wayata kuwa ba ta huta ba: ango, yayarmu, ango kuma. Liman yana jira, dangin amarya sun fara duba agogo.

Baffa ya fito a hankali ya dube ni.

"Wagga mota taka, ubanka ya tuƙa ta shekara da shekaru ba ta taɓa aje ni bisa hanya ba."

Ina ji ina gani ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya tattare rigarsa, ya dafe rawani, ya haye. Mutumin da ɗalibai ke durƙusa wa, ga shi can a bayan babur, saboda hoto.

Ina tsaye kamar in nutse sai na ji muryar mace: "Kai, ba kai ba ne mai kuka a ajina?" Malama Rifkatu ce, wadda ta koyar da ni a firamare a Unguwar Rogo, ta tsufa, riƙe da jakar cefane. Na gaishe ta, na fara yi mata bayanin fulogi.

"Rufe mini baki," ta ce. "Irinta na tuƙa har na yi ritaya. Ka kashe ta da zafi, zafin inji ya hau kafireta, fetur ya tafasa a ciki. Kai kuma ka zo kana ta ɗura mata wani. Ba ni hularka."

Ta jiƙa hulata ta biki da ruwan leda, ta ɗora a kan kafireta. Muka jira kaɗan. Ta ce in matsa, ta shiga, ta danne totur har ƙasa ba ta ɗaga ba, ta murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta fesa hayaƙi, ta tashi. Jama'a suka ɗauki tafi. Wani ya ce, "Alhaji, ka bar wa Mama tuƙin kawai!"

Na isa ana watsewa, kai ba hula, riga kamar ta mai sayar da gawayi. An ɗaura, amma sai da Baffa ya ba dangin amarya haƙurin jinkiri, ya kuma faɗi dalilin da sunana, a lasifika. Ango bai yi mini magana ba sai bayan kwana uku.

Darasin da na ɗauka shi ne: mota mai zafi da dattijo mai sauri, ba a tsayar da su don a gaisa. Idan kuma ba ka san abin da ya lalace ba, ka yi shiru. Ita motar za ta huce cikin rabin awa, dangi kuwa har yau suna kan maganar.