Fakin Wata Kan Wata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da ranar da na tsaya gaban mai shari'a, bayan na yi rantsuwa, na shaida wa kotu cewa motoci nake jerawa wata kan wata har su taɓo rufi. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ce matar nan ta zautu.

Ni dai tun ina yarinya mai dogon tunani ce. Inna, Allah Ya jiƙanta, takan ce gangar jikina ce kawai a Ƙofar Jatau, sauran kuwa yana can yana yawo inda Allah kaɗai Ya sani. A aike ni sayen daddawa, in tsaya a gindin tsohuwar ganuwa ina kallon shirwa tana shawagi, har ruwan miya ya ƙone a gida. Na girma, na yi aure, na koyar a firamare har na yi ritaya, halin nan bai sake ni ba. (Ni da nake buga tebur ina cewa yara su dawo da hankalinsu aji, wallahi nawa hankalin ma sau da yawa ba ya ajin.)

Da na bar aiki sai na gyara zauren gidanmu na gado na buɗe gidan abinci. Dambun Inna nake yi, da zogale da ƙuli, sai tuwon shinkafa da miyar taushe. 'Yan bencina da tebura ne kawai a ciki, amma ba haka nake ganin wurin ba. In ina tuƙa tuwo, tururi na tashi, bene nake gani mai koren gilashi, da sunan Inna a rubuce a goshinsa, da itatuwan mangwaro suna inuwa, ga manyan motoci sun yi layi a ƙofa suna ƙyalli kamar an shafa musu man shanu. Motocin nan su ne zuciyar mafarkin. A ganina, ranar da masu mota suka fara zuwa cin dambuna, ranar Inna ta zama wata.

To, sun fara zuwa. Daga Tudun Wada, daga Samaru, wani ya gaya wa wani. Sai dai lungunmu lungun cikin birni ne, wanda kakanni suka yanka daidai jaki da kayansa. Mota ɗaya in ta shigo ta tsaya, ta toshe ƙofar maƙwabcinmu Alhaji Tanimu, aminin mahaifina, mai ɗinkin manyan riguna, wanda tun ina goye yake ce min 'Yar Malam. Ya yi min magana sau ɗaya, ya aiko sau biyu, ni kuwa ina cewa to, to, a raina ina jin daɗin ganin motocin. Ranar da abin ya ɓaci, ciwo ya taso wa uwargidansa za a kai ta asibiti Wusasa, aka tarar wani ya kulle motarsa a bakin ƙofar yana ciki yana cin tuwo. A hannu aka ɗauki baiwar Allah har bakin titi. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma daga ranar Alhaji ya daina amsa gaisuwata, ni kuma kunya da girman kai suka hana ni shiga gidansa.

Ashe akwai doka a hukumar tsara gari cewa kowane gidan abinci sai ya tanadi filin ajiye motoci daidai da yawan kujerunsa. Ina ni ina fili a Ƙofar Jatau, inda katangar wannan take jingine da ta wancan? Ɗan yayana Nasiru, wanda yake lauya, shi ya nema min sassauci a hukumar, wato a ɗage min wannan sharaɗi tunda wurin tsohon gari ne. Suka ɗage. Alhaji kuma ya garzaya kotu yana neman a soke sassaucin. In aka soke, an rufe zauren ke nan, dambun Inna ya koma labari. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, don ba ni da abin da na iya bayan alli sai muciya.

Kafin ranar da zan ba da shaida Nasiru ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ya ce hujjarmu guda ce, ba ni da wurin mota kuma ba inda zan samo shi, don haka duk yadda aka juya tambaya in ce babu. Ya ce lauyan Alhaji zai so ya kama ni da cewa ina da fili na ɓoye wa hukuma. Na gyaɗa kai, na ce na gane sarai. (Gaskiyar magana, lokacin ina can ina zaɓen kalar labulen hawa na biyu.)

Akwai kuma wani abu da ya cika min rai a makon. Mu a sana'ar abinci, in mutum ya ce a yi masa fakin, yana nufin a zuba masa a roba mai murfi ya tafi da shi. Masu irin wannan sayen sun yi min yawa har na sa aka gyara ɗan ɗakin da ke jikin zaure, aka buga katakai a bango, muke jera robobi a ciki. Ɗakin fakin muke ce masa. Sabon fenti, shuɗi, ina shiga in tsaya in yi ta kallonsa kamar ɗakin amarya.

Ranar shari'a na ci ado, leshi da mayafi, har da turaren da nake ɓoyo. Aka kira ni, na yi rantsuwa, aka ce in ɗan jira lauyoyi su gama wata gardama. Suka shiga Turanci. Turancin kotu kuwa ba irin wanda na koyar ba ne, zuba yake yi kamar ruwan sama a kan kwano, ba ka tsintar komai sai sautin. Fanka tana juyawa a hankali a sama. Ta taga ina hango wata bishiyar darbejiya tana kaɗawa, hasken hantsi na ratsa ganyenta yana wasa a bango. Shi ke nan, na tafi. Na ga kaina ina hawa matakalar benen nan, ƙamshin man gyaɗa da albasa yana biye da ni. Na ga Inna zaune a kan kujera mai laushi, da zanenta na saƙi, tana ɗanɗana dambu tana cewa gishiri ya yi daidai. Na kama hannunta na ce ta zo in nuna mata sabon ɗakina mai shuɗin fenti. Muna bakin ƙofar ɗakin ke nan na ji ana kiran sunana daga nesa.

Tafintan kotu ne, da alama ya maimaita har ya gaji. Ya ce, "Hajiya, lauya yana tambaya, kina da wurin fakin ko ba ki da shi?"

Da ya ce wurin ajiye motoci, da ban shiga uku ba. Amma fakin ya ce, ni kuma ƙafata ɗaya tana cikin ɗakin. Na washe baki na ce, "Ina da shi mana, ranka ya daɗe. Sabo fil, makon jiya aka gama."

Na ji biron Nasiru ya faɗi ƙasa. Lauyan Alhaji kuwa ya miƙe tsaye yana murmushi irin na wanda ya tsinci dami a kala. Ya sa a tambaye ni guda nawa wurin yake ɗauka. Na ce ai ba adadi, in ƙasa ta cika sai mu ɗora wata kan wata har rufi. Kotu ta yi tsit. Ni kuma na ɗauka burge su na yi, sai na ƙara bayani, na ce manyan muke sawa a ƙasa, ƙananan a sama, don kada su lotse. In mai ita ya zo, mu zaro masa tasa, mu sa masa a leda ya kama gabansa.

Nasiru yana ta yi min alama da ido, ni ina ganin ƙarfafa min gwiwa yake yi. Har na juya wajen mai shari'a na ce masa kada ya ji komai, in dai an danne murfi da kyau ko miya ba ta zuba.

Mai shari'a, wani dattijo mai furfura a gemu, ya cire tabarau ya ajiye. Ya bar Turanci ya dawo Hausa, a hankali ya ce, "Hajiya, miyar a cikin motar take?"

A nan na farka. Jama'a, na farka gaba ɗaya. Benen ya rushe, Inna ta ɓace, ga ni tsaye cikin akwatin shaida da leshina da turarena, kotu ta kece da dariya har ɗan sandan bakin ƙofa ya dafa bango. Na ja mayafi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar malamar makaranta, a gaban 'yan unguwarmu da suka zo kallo, ciki har da waɗanda na koya wa karatu. Ta gefen mayafin na saci kallon Alhaji Tanimu. Ya sa hannun babbar rigarsa ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na bin gemunsa. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon uwargida.

Da aka natsu, na yi bayanin cewa robobin abinci nake nufi, sai mai shari'a ya tambaye ni da kansa ko masu tafiya da abincin sun fi masu zama yawa. Na ce sun fi, nesa ba kusa ba. Ya rubuta wani abu, ya ce kotu za ta je ta gani da idonta. Ranar da suka zo, motarsa ma ba ta iya shiga lungun ba, a bakin ƙofar gari ya bar ta ya tako da ƙafa, yana ɗage riga saboda kwata. Ya leƙa ɗakin fakin ya daɗe yana kallon robobin, sai na ga gemunsa yana motsi.

Hukuncin da ya yanke bai ba kowa duka ba. Sassaucin ya tsaya, ba a rufe ni ba, amma da sharaɗin in rage bencina, kuma kada mota ko ɗaya ta sake shigowa lungun saboda ni. Mai mota ya ajiye ta can fili wajen ganuwa ya tako. Nasiru yana murna, yana cewa shirmen Gwaggo ya fi duk hujjojinsa aiki. Ni kuwa na yi godiya ga Allah, amma raina ya yi nauyi, don na san layin motocin nan masu ƙyalli ba za su taɓa tsayawa a ƙofar Inna ba. Da yamma na zuba dambu a kwano mai kyau, na shiga gidan Alhaji na durƙusa gaban uwargida na ba ta haƙurin da ya kamata in ba ta tun tuni. Ta ce ya wuce, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ta ji game da leda.

Yanzu duk Ƙofar Jatau ba mai kirana da sunana, Hajiya Fakin ake ce min. Alhaji ya dawo amsa gaisuwa, har ya fi da. In zai wuce masallaci da azahar sai ya tsaya a bakin zaure, fuska a ɗaure kamar gaske, ya ce, "'Yar Malam, a yi min fakin biyu. Babbar a ƙasa."

An ce baki shi ke yanka wuya, ni dai na ga wannan da idona. Abin da na koya shi ne, in mutum zai tafi yawon zuci, ya bari sai ya sauko daga akwatin shaida. Ban daina mafarkin ba, kada in yi muku ƙarya. In tururin tuwo ya tashi har yanzu ina ganin benen da koren gilashinsa, ina ganin Inna a kujerarta. Motocin ne kawai suka ɓata min, duk sanda na hango su yanzu, a jere suke wata kan wata, kowace da murfinta.