Jaririn En'e a Hanyar Kakangi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fara tura ni ƙauye ni kaɗai ba, ko da yake na so a ce waɗanda suka ga abin da idonsu sun manta.

Zamanin Turawa ne, ana gab da samun mulkin kai. Ina budurwa, ban daɗe da dawowa daga Zariya ba, inda En'e, hukumar gargajiya ta wancan lokacin, ta tura ni koyon aikin duba mata da ƙananan yara. Ba da magani ba namu ba ne, wannan aikin difensa ne. Namu shi ne mu shiga gidaje mu zauna da iyaye mata, mu yi hira a kan cibiyar jariri, da wanka, da kunun yaye, da rufe abinci saboda ƙuda. Da na dawo Birnin Gwari sai aka haɗa ni da Malama Dije, wadda ta daɗe a aikin, don ta ci gaba da koya mini. Ita ke bin mu sababbi ta ga yadda muke magana da mata, in mun dawo kuma ta zaunar da mu a gindin mangwaron bayan ɗakin shan magani, kowacce ta faɗi abin da ya ba ta wuya. Mace ce mai jiki, mai sanyin magana, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma ni dai tsoronta nake ji. (Gaskiya a lokacin ba abin da ba na tsoro. Ko akuya ta daɗe tana kallona sai na sake hanya.)

Cikin kayan koyarwarmu akwai wani jaririn roba da aka aiko mana daga Zariya, girmansa daidai da na gaske, da shi muke gwada wanka da goyo. Da ya zo fari ne fat, matan gari suka ƙi taɓa shi. Malama ta sa aka shafe shi da fenti ruwan ƙasa, ta zizara masa kwalli, ta ɗinka masa 'yar riga. Ya yi kyau ƙwarai, in ka hango shi daga nesa sai ka rantse zai yi kuka. Ta sha gaya mini cewa kayan hukuma ne, kuma duk ƙasar Birnin Gwari babu wani sai shi.

Farkon damina ne, lokacin tsintar kaɗanya. Muka shirya zuwa wani ƙauye da ke bayan Kakangi, a bakin daji. Motar katako ta sauke mu a Kakangi da hantsi, muna sauka aka zo aka tare Malama, wai wata mata na naƙuda tun jiya kuma abin ya ƙi. Malama ta dube ni ta ce in yi gaba, hanya ɗaya ce ba ta rabu ba, in je in gai da mai gari in tara mata, za ta biyo ni da zarar an sauka lafiya. Na ce to.

Ni 'yar cikin gari ce, ubana tela ne a bakin kasuwa. Abin da na sani game da dajin nan duk a bakin mutane na ji shi: ɓauna, kura, damisa, da giwayen da aka ce suna ratsawa. Na ɗora kwanon wanka a ka, da sabulu da tawul da wata jakar atamfa a ciki. Jaririn kuma, da yake ina son hannuwana su zama a sake, sai na goye shi da majanyi kamar yadda kowace uwa ke yi. (Har na ja masa mayafi a ka kada rana ta dame shi. Roba fa.)

Gonaki suka ƙare, itatuwa suka fara haɗe kai a sama, hanya ta koma siririya tsakanin sabuwar ciyawa. Wurin ya yi tsit, irin shirun da kake jin bugun zuciyarka a kunne. Duk addu'ar da na iya na karanta ta, na ƙare na sake daga farko. Ko ganye ya faɗo sai na waiwaya. Ina cikin haka sai na ji wani haushi mai kauri daga hagu, ba na kare ba. Na juya na ga birai, manyan nan da ake kira gwaggon biri, zaune a kan wani dutse suna kallona, babban cikinsu ya buɗe baki yana nuna haƙora.

Ban san lokacin da na kwasa da gudu ba. Kwano ya faɗi yana ƙara, ƙarar ta ƙara firgita ni, na zaci su ne suka biyo ni. Ban yi nisa ba ƙafata ta sarƙe da saiwar itace na kifa. Majanyi ya kwance, jariri ya yi tsalle ta saman kaina ya bugu da dutse. Kansa ya cire, ya gangara cikin ciyawa.

Nan take na manta da birai, tsoron Malama ya maye gurbinsu. Na tashi gwiwa na jini, na koma na ɗauko jakar atamfa, na ɗaga gangar jikin ta ƙafa ɗaya na cusa a ciki. Na shiga ciyawa da rarrafe ina laluben kan, na same shi, na kakkaɓe masa ƙasa, na cusa shi ma. Ina ɗagowa na ga wasu mata tsaye a kan hanya da ƙoren kaɗanya, sun zuba mini ido.

Abin da ban sani ba shi ne, ɗaya daga cikinsu, wata mai suna Hansai, ta kwantar da ɗanta a inuwar wata bishiya tana tsinta, da ta dawo ba ta tarar da komai ba sai zanen da ta shimfiɗa masa. Nemansa suke yi a dajin, hankali a tashe, sai suka ci karo da baƙuwa tana cusa kan jariri a jaka.

Ƙwaryar Hansai ta suɓuce, kaɗanya ta watse. A hankali ta ce, “Ɗana ne.” Sai ta zube a ƙasa.

Kalma biyu kawai ake bukata daga gare ni a wurin nan. Amma tsoro ya riga ya kulle mini kai. Na rungume jaka a ƙirji, na ce, “Ku yi haƙuri, kansa ne kawai ya cire. Ana iya mayarwa.”

Kururuwar da matan suka yi ta tara maza daga gonaki, wasu da fartanya, wasu da gatari, har da makiyaya da sandunansu. Ban taɓa ganin fuskoki irin waɗannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Wani ya jefe ni da hoge ya same ni a kafaɗa. Allah ya taimake ni da wani dattijo makiyayi da ya gitta sandarsa a gabana, ya ce ba wanda zai taɓa ni sai an je gaban mai gari. Haka aka tasa ni gaba, ana riƙe da Hansai a bayana tana kiran sunan ɗanta. Wannan kiran ya fi jifan yi mini ciwo.

A ƙofar gidan mai gari aka durƙusar da ni, aka ajiye jakar a tsakiyar fili, kowa ya ja da baya. Mai gari ya ce kada a buɗe sai liman ya iso, tunda gawa ce. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi ɗan wane ne a ciki.

Na ce, “Na En'e ne, ranka ya daɗe.”

Wani gunaguni ya ratsa taron. Da ma a ƙauyuka ana raɗe-raɗin cewa masu aikin asibiti na kwasar jinin mutane su kai wa Turawa, ga ni kuma na zo na tabbatar. Mai gari ya tambaya ko shi kaɗai ne, ko akwai wasu.

Na ce, “A ƙasar nan shi kaɗai ne. Amma a Zariya akwai su da yawa a cikin kabad.”

(Wallahi a zatona taimakon kaina nake yi. An koya mana mu riƙa ba manya amsa cikakkiya.)

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Na ji ana cewa a aika Kakangi a kira 'yan doka, na kuma ji wata murya daga baya tana cewa ba sai an jira su ba. Da'irar mutane ta fara matsowa. Na tuna da innata, da yadda ta ce mini aikin ɗinki ya fi mini kwanciyar hankali. Na yi kalmar shahada a zuci. Kuma a nan ne, a gaban mai gari da dattawansa da duk matan da na zo koya wa tsabta, ƙasar da nake durƙushe a kai ta jiƙe, alhali ranar ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gari tana tambayar hayaniyar me ake yi, da yaro a kwankwasonta yana tsotsar yatsa. Surukar Hansai ce. Ashe ta biyo ta wurin da itacen girki a ka, ta tarar cinnaka sun hau jikan nata yana kuka, ta ƙwala kira ba a amsa ba, ta ɗauke shi ta tafi gida. Hansai ta fizge yaron ta ƙanƙame shi, tana shafa wuyansa tana sake shafawa.

Na ce a raina na tsira. Sai mai gari ya nuna jakar ya ce, to, in ga nasu nan, wancan kuma na wace uwa ce?

Na gode Allah da ban samu damar sake ba da amsa ba. Malama Dije ce ta ratso taron tana haki, kwanon wankanmu a hannunta, ta tsinto shi a hanya. Ta durƙusa ta gai da mai gari gaisuwa cikakkiya, gida da gona da damina, kamar ba abin da ke faruwa. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta cire mayafinta ta yafa mini daga ƙugu zuwa ƙasa. Sannan ta nemi izini ta buɗe jakar, mutane suka kau da kai. Ta ɗauko kan ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar gora. Ta ɗauko gangar jikin ta danna kan a mazauninsa, ya shiga, ta gyara masa riga ta miƙa wa liman, wanda isowarsa ke nan.

Liman ya juya shi, ya latsa cikinsa, ya ce shi dai wannan bai san sallar da zai yi masa ba. Dariya ta ɓarke, har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Wanda ya jefe ni ma yana cikin masu dariyar, na gane shi.

Hansai ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka shigar da mu cikin gidansu na je na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini. Ta ce har yanzu jikinta rawa yake yi. Na ce nawa ma. Ta shiga ɗaki ta ɗauko zanenta ta ba ni, ta nuna mini bayan gida. Da na fito ta miƙo mini yaron, cinyoyinsa duk cizon cinnaka. Na wanke masa da ruwan ɗumi da sabulu, shi ne yaro na gaske na farko da na yi wa aiki. Ranar Malama ta yi darasin wanka a tsakar gidan mai gari, ba matar da ta rage a ɗaki, kowacce na son ta latsa cikin jaririn da kanta.

A hanyar komawa na yi ta jiran faɗa, bai zo ba. Malama ta ce ita ce ta tura sabuwar ma'aikaciya garin da ba a san fuskarta ba, da kayan da ba a taɓa gani ba, kuma ba za ta sake ba. Daga ranar ba wata sabuwa da ke shiga ƙauye ita kaɗai sai an fara kai ta an gabatar da ita ga tsofaffin matan garin. Amma ba ta bar ni na ɓoye labarin ba. A zamanmu na gaba ta ce in faɗa da bakina. Na faɗa kaina a ƙasa (na tsallake wuri ɗaya, ita ma ba ta tuna mini ba). Da aka gama dariya sai sauran suka fara fito da nasu, ashe kowacce na da abin kunyar da take ɓoyewa, tana zaton ita kaɗai ce ba ta iya aiki ba.

Na daɗe a aikin nan har ni ma na koyar da wasu. Ƙauyen kuwa na koma shi ba adadi, yaran Hansai na baya duk a hannuna aka yaye su, amma har na yi furfura duk shigar da na yi garin sai wani ya tambaye ni lafiyar 'yan cikin kabad.

Abin da nake gaya wa 'yan matan da na koyar shi ne, duk amsar da na bayar ran nan gaskiya ce tsantsa, babu ƙarya ko ɗaya, kuma saura kaɗan ta sa a binne ni. In uwa ta tsorata, a fara da maganar da za ta kwantar mata da hankali, dogon bayani ya biyo baya. Ni da aka kai har Zariya aka koya mini magana da iyaye, “roba ne” kawai ta gagare ni.